Zan hau jirgi da fushina

Ina ɗaure jakata a gidanmu na unguwar Nasarawa a Kaduna sai ga 'yata Hajara da tikitin jirgin sama.

Ƙanena Sani ne kwance a asibiti a Legas. Shi ya sayar da gidan mahaifinmu bai ko shawarce ni ba, tun daga nan ba ma magana.

Ta ce, "Baba, daga Kaduna zuwa Ikeja awa ɗaya ce da 'yan mintoci."

Na ce, "Abin da ya sa ba na so ke nan. Mota zan shiga, in wuni ina faɗa da shi a zuciyata, kafin Ibadan na huce. Awa ɗaya ta yi mini kaɗan!"

Ta ce, "Likita bai ce Baffa zai jira ka huce ba."

Na karɓi tikitin.

Gobe zan sauka da fushina da zafinsa. Sai ya ji komai daga bakina, sannan in yafe masa yana da rai. Ba zan yafe wa gawa ba.

Wanda ya taɓa hawa, wai da gaske kunne yana toshewa?