Baban Awo, Wanda Ya Kai Ƙarar Kansa

Duk safiya, kafin mu 'yan ɗakin gwaji mu gama gaisawa, Baban Awo ya riga ya zura takalmin roba ya nufi maƙogwaro. Haka muke kiran wurin da ruwan dattin garin nan kaf yake matsewa, ya bi ta wata siririyar kwatar kankare kafin ya shiga tafkunan tacewa. Wankinku, wankanku, da abin da ba a faɗa ana cin abinci, duk ta nan suke wucewa. A sama akwai ƙarfe a gicciye, an ɗaure idon mita a jikinsa. Idon ya leƙa tsayin ruwa, mita ta lissafa yawan abin da ke shigowa. Da lissafinta ni mai gwajin ruwa nake sanin maganin da za a zuba, masu inji su san famfon tura ruwan da za su tayar.

Aikin Baba ke nan, kula da gaskiyar wannan mita. Zai sa manjagara ya kwashe leda da tsumma da maiƙon da suka taru, ya goge idon, sannan ya ɗauko sandarsa. Ba ya kai sandar ƙasa, don gindin kwatar laka ce. Daga ƙarfen nan yake aunawa zuwa saman ruwa, ya gwada da abin da mita ta ce. Na sha tsokanarsa: "Baba, ko amarya ba ta samun gatan da mitar nan take samu." Sai ya ce, "'Yata, amarya in ta yi ƙarya gida ɗaya ta ɓata. Wannan gari guda za ta ɓata."

Ya tsufa a wannan aikin, kuma abin da aka san shi da shi ɗaya ne: ba a taɓa kama awonsa da kuskure ba. Ba shi da mota, ba shi da ofis, wannan sunan shi ne abin da ya tara. Har an gama magana, za a ba shi lambar yabo ranar ritayarsa.

To, gari ya ƙaru, tasharmu ta tace ruwa ba ta ƙaru ba. Duk damina sai ruwa ya fi ƙarfinmu, ya ja da baya, ya ɓullo a tsakar gidajen unguwar gangare. Da ƙyar aka amince a faɗaɗa tashar. Aka turo mana Injiniya, mace mai kaifin kai, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki awon shekarar da ta wuce ta yi zanenta a kai: sababbin famfo uku da bututu mai kaza. Aka sa hannu, saura a yi odar kaya.

Ana haka aka karkatar da ruwa aka busar da maƙogwaro don 'yan kwangila su duba kankaren. Baba ya sauka ya wanke shi tas. Tunda yau ga ƙasa a fili, sai ya kafa sandarsa. Akwai wata tsaga a jikinta da ya kamata ta zo daidai da ƙarfen. Ba ta zo ba. Ƙarfen ya fi ta tsayi da yatsa biyu.

Nan take ya gane. Bara tsohon ƙarfen ya yi tsatsa, shi da kansa ya ɗaura sabo, ashe ya ɗaga shi. Ido ya yi sama, yana ganin ruwa ƙasa da yadda yake. Ita kuma sandar da yake kama mita da ita, daga wannan ƙarfen take aunawa. Shekara guda su biyun suna yi wa juna shaida, su biyun kuma a karkace.

Direban tankarmu ne kaɗai a wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce Baba ya zauna a bakin kwata.

"Baba, kwance ƙusa biyu ka mayar da shi mana," in ji Direba. "Wa ya gani?"

"Ni na gani."

"Haba Baba! Saura maka ƙiris ka tafi da mutuncinka. Yatsa biyu ne fa."

"A nan ne yatsa biyu. A gidan mutane har gwiwa ne."

Bai taɓa ƙarfen ba, ya bar shi yadda yake don a gani. Ya wanke hannu ya tafi ofishin Injiniya. Ina ciki na kai sakamakon gwaji, da kunnena na ji. Ya ce, "Ranki ya daɗe, awon da kika yi zane a kansa ya gaza, kuma ni na jawo." Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi watan da aka sauya ƙarfen, ta sauka ta auna da kanta, ta dawo ta yi lissafi. Ta ce in an yi ruwan sama mai ƙarfi, famfo uku ba za su ɗauka ba. Ta kuma ce ba za ta zuba kankare a kan awon da aka yi wa faci ba, sai an sake aunawa damina guda.

Manaja kam bai ɗauki maganar da sauƙi ba. A gaban kowa ya ce wa Baba, "Ka ja mana abin kunya, a ƙurarren lokaci!" Maganar lambar yabo ta bi ruwa. Mutanen gangare suka ji an ɗage aiki saboda wani tsoho ya yi kuskure, suka yi ta tsine masa, kuma ban ga laifinsu ba, su ne suka sake kwashe ƙazanta da bokiti. Matarsa ta gaya min ya daina bi ta layinsu in zai je kasuwa. Wallahi abin ya ci min rai. Ina ganin waɗanda ba su taɓa leƙa maƙogwaro ba suna ce masa "Baban Kuskure", ya amsa musu da "Ina kwana."

Ya roƙi a ɗaga ritayarsa har a gama sabon awon, aka yarda. Shi da Injiniya suka dasa ma'auni a jikin bangon kankare, wanda ba ruwansa da ƙarfe. Ruwa na zuba, kowa na neman rumfa, shi yana tsaye a bakin kwata cikin rigar leda. Da damina ta fita, zane ya canza: famfo huɗu, bututu mafi faɗi.

Baba, kai ne wanda ya san bakinsa zai ja masa, ya buɗe. Ba wanda zai kama ka. Da an gina guda ukun, ruwa ya sake cin unguwa, da Injiniya za a zaga, kai kana gida da lambarka a bango.

A daminar bana an yi wani ruwa da rana tsaka wanda ya tayar da famfo huɗun gaba ɗaya. Na huɗun ya yi ta gurnani har la'asar, ba gidan da ruwa ya shiga. Mutanen gangare sun zo godiya, Manaja suka yi wa, shi kuma ya karɓa.

Ranar sallamar Baba ba a ba shi lamba ba, ba wanda ya ce bai taɓa kuskure ba. Injiniya ce kawai ta miƙe ta ce, "Duk awon da mutumin nan ya ba ni, zan yi gini a kai in kwana a ciki." Baba ya sunkuyar da kai, ni kuwa na yi kukana ban ɓoye ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu da lafiya, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma da kuke karantawa, in akwai wata karkata a wurin aikinku da ku kaɗai kuka sani, ku je ku faɗa tun kankare bai bushe ba. Za a zage ku, shi ma an zage shi. Amma akwai yara a gangare da suka yi daminar bana ƙafarsu a bushe, ko sunansa ba su sani ba.