Kyamarar da Mufeed Ya Daɗe Yana Zaɓa

Mufeed ba ya iya zama a kujera ƙafarsa ba ta rawa. A ƙarƙashin ruwa kaɗai yake samun natsuwa, shi ya sa ya mai da nutso sana'a. Tun yana saurayi yake goya tulun iska ya shige gaba, baƙi 'yan yawon buɗe ido na biye da shi kamar 'ya'yan agwagwa, yana nuna musu kifaye da yatsa. A tsibirinsu an san shi da abu biyu: bai taɓa manta baƙo a ƙasan teku ba, kuma bai taɓa sayen ko silifa a zuwan farko ba.

Mahaifiyarsa Sanfa a bakin teku aka haife ta, amma ba ta taɓa tsoma fuskarta a ciki ba. A wurinta kifi shi ne wanda ake kira tuna, irin wanda marigayi mijinta yake kamowa. Sauran masu launi da ke kewaya dutsen murjani ba ta sa su cikin abinci, balle abin kallo. In an tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce, "Yana raka mutane su jiƙe."

Da ciwon sukari ya taɓa mata ido, Mufeed ya kai ta asibiti a Male, babban birnin ƙasarsu. Likita ya ja shi gefe ya ce, "Duk abin da kuke so ta gani, ku nuna mata yanzu."

A jirgin ruwa na dawowa, tana taunar ganyen da suke ci kamar goro, ta juyo ta ce, "Wai kai, me kake gani a can ƙasan ne?"

Ba ta taɓa tambaya ba sai ranar. Ya fara kwatance da hannu biyu har ya buge hular wani fasinja.

"Bar wahalar da mutane," in ji ta. "Ka kawo in gani."

Lokacin iskar gabas ne, ruwa garau, daga kan jirgi ana hango yashin ƙasa. Abin da ya rage kawai Mufeed ya zaɓi kyamara.

Akwai ƙarama mai shiga ruwa tsirara, amma ba ta jure zurfi. Akwai babba wadda sai an kulle ta a akwati mai zoben roba, silin gashi ɗaya ya maƙale a zoben, ruwa ya shiga, shi ke nan. Ga kuma launin ja, wanda ke ɓacewa da zarar an yi ƙasa, sai an haɗa da fitila. Fitilar ma iri-iri ce. Mufeed ya bi baƙinsa da tambaya har wata Bajamushiya ta fara ɓoye kyamararta a cikin tawul in ta hango shi. Ya je Male ya dawo hannu wofi, ya sake komawa. Mai shagon kyamarori ya daina miƙewa in ya shigo.

Adamfulu, direban jirgin da ke kai su wurin nutso, abokin mahaifinsa ne, saboda haka bakinsa ba shi da linzami.

"Ango, yau ma ba a ɗaura ba?"

"Kawu, mai kyau nake nema. Sau ɗaya za ta gani."

"Ubanka da rana ɗaya ya zaɓi uwarka. Kai kana nan kana zawarcin akwati."

"Ita wannan jan nata bai fita sosai."

"Ja! Tsohuwar da ke gaishe da bishiyar kwakwa, ita kake wa tanadin ja?"

Mufeed ya yi dariya, amma ƙafarsa ta ƙara sauri.

Wata safiya Sanfa ta zuba masa shayi. Ta zuba shi a natse, a kan tebur, dab da kofin, sannan ta tura masa kofin ta ce ya sha da zafinsa. Ya ɗaga kofin wayam ya kai baki. Ranar ya hau jirgin Male ya sayi ƙaramar nan, wadda ya fara gani tun zuwan farko, ba fitila ba akwati.

Sai dai teku bai jira shi ba. Iskar yamma ta riga ta juyo, ruwa ya yi kauri kamar kunu. Ya nutsa, ya ɗauko abin da ya samu, ya jona wa talabijin, ya jawo mata kujera har hancinta na kusan taɓa gilashin.

Hazo ne shuɗi, wasu inuwoyi na giftawa. Ta daɗe tana kallo.

"Ka kunna mana."

"Ai shi ke nan, Inna. Ga murjani nan ta hagu."

"Wannan ai shi nake gani kullum, ko ba talabijin." Ta lalubo hannunsa. "Allah sarki. Ashe kai ma haka kake fama duk shekarun nan, ba ka faɗa ba."

Ya miƙa hannu zai kashe. Sai hoton ya ɗaga sama, wajen hasken rana, inda ya juya kyamarar don haushi. Ruwa mai kauri shi ke kawo manta, kifin nan mai faɗin tabarmar masallaci, don abincinsa ne ke dagula ruwan. Ɗaya ya ratso ta saman kansa, baƙi ƙirin a kan farin haske, yana kaɗa fiffike a hankali, ya cika gilashin daga gefe zuwa gefe.

Sanfa ta ja da baya.

"Kai! Wannan na gan shi."

"Manta ne, Inna."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"Uhm." Ta gyara ɗankwalinta. "Aikin banza. Mai da shi baya in sake gani."

Ya mayar. Ya sake mayarwa. Can ta ɗora tafin hannu a gwiwarsa don ta tsayar da rawar ƙafar, sai ta tarar a tsaye take.