Shalan Mai Waƙar Riƙon Ƙwarya

A gidan hayarmu na Lalbaug, inda ɗakuna ke jere a baranda ɗaya kowa na jin tarin kowa, babu wanda bai san muryar Shalan Gawde ba. Sauran mutanen Bombay ma sun san muryar, har da na ƙauyukan da jirgin ƙasa ba ya tsayawa, sai dai su da sunan wata suka san ta. Da wannan ciwon Shalan ta rayu, da shi kuma ta tsufa.

'Yar mai sayar da furanni ce a ƙofar wurin ibada. Tun tana ƙarama take zama gefen uwarta tana jera furanni a zare, rediyon mai shayi na zuba waƙoƙin Yamini Kothare, ita kuma tana bi. A zamanin nan Yamini ce muryar finafinai. Jarumai mata su yi ta motsa baki a majigi, su yi kuka, su yi rawa cikin ruwan sama, amma abin da ke shiga kunne nata ne. Kowa Tai yake ce mata, wato Yaya, har waɗanda suka isa haihuwarta. Wata rana wani makaɗi ya tsaya sayen furanni, ya ji yarinyar, ya kai ta wurin Masta Harbans mai tsara kiɗan fim. Masta ya saurare ta ido a rufe, da ya buɗe ya ce ta samu aiki. Shalan ta koma gida da gudu, a zatonta kakarta ta yanke saƙa.

Ga yadda aikin yake. Tai ba ta da lokaci, sutudiyo-sutudiyo ke jiranta kullum, furodusa kuwa ba zai ajiye jaruma da 'yan rawa su zauna zaman jira ba. Sai a sa wata ta rera waƙar tare da makaɗa, a ɗauka, a kai wa jaruma ta motsa baki a kai. Ranar da Tai ta samu sarari ta zo ta saurara, ta rera tata, a goge ta farko. Riƙon ƙwarya ke nan, kuma shi aka ɗauki Shalan ta yi. Sharaɗin ɗaya ne: ta zama Tai sak, ta ja inda Tai za ta ja, ta numfasa inda Tai za ta numfasa, don kada bakin jaruma ya saɓa. In ta kuskura ta sa wani ado nata, Masta ya doki tebur.

"Ke 'yar furanni, wa ya aike ki ƙarin gishiri? Dafa yadda Tai ke dafawa."

Haka ta yi ta dafawa ana zubarwa. Duk ranar da Tai ta shigo, makaɗa da 'yan amshi su yi layi su sunkuya su taɓa ƙafarta, Shalan a cikinsu. Tai ta dafa kanta idonta na wani wuri. Shalan ba ta jin haushi a lokacin, son matar take yi da gaske, in ta taɓa ƙafar nan sai ta shafa hannun a goshi ta yini cikin farin ciki.

Ta auri Vithoba, ma'aikacin masaƙa, mutum mai barkwanci. Yakan ce wa maƙwabta shi bai ga dalilin sayen rediyo ba tunda yana da Yamini a ɗaki, matsalarta kawai ba ta kamawa sai an zuba mata shayi.

Cikinta na fari ya tsufa aka kira ta ɗaukar wata waƙa, ta mace da ke tsaye a gaɓar kogi tana kallon kwale-kwalen mijinta na nisa. A tsakiyar waƙar akwai dogon baiti da ake ja da numfashi ɗaya. Tana cikin jansa abin da ke cikinta ya harbe ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Muryar ta yanke, ta ja iska da wata 'yar shessheƙa, ta ƙarasa. Ta kalli Masta tana jiran dukan tebur, shi kuwa ya kaɗa hannu ya ce a wuce, ai gogewa za a yi.

Ba a goge ba. Tai ta tafi Landan wasa ta daɗe, furodusa ya rantse fim ɗinsa sai ya fito a bikin Diwali, aka buga faifai yadda yake, da sunan Yamini Kothare a jiki. Waƙar Kwale-kwale ta cika gari. Direbobin tasi, masu aski, amare, kowa ita yake yi, kuma duk wanda ya zo wurin shessheƙar nan sai ya dafe ƙirji. Jaridu suka sa mata suna numfashin Tai, suka ce babu mahalukin da zai iya irinsa. Shalan na zaune a ɗaki tana shayar da jaririyarta Sindhu, muryarta na shigo mata ta taga daga ɗakuna uku a lokaci guda.

Da Shalan ta yi ƙwari bayan haihuwa ta je wurin Masta. Ba kuɗi ta nema ba, cewa ta yi a faɗi sunanta ko sau ɗaya ne. Ya rufe ƙofa, ya gaya mata sunanta ba ya sayar da faifai, kuma in maganar ta fita babu sutudiyon da zai sake buɗe mata ƙofa. Ya ce ta yi haƙuri, Tai mutuniyar kirki ce, wata rana da bakinta za ta faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin takaicin, Shalan ta yarda da shi.

Tai ta dawo, ta ji waƙar, ba ta ce ba muryarta ba ce. Sai ma ta shiga rera ta a dandali, da shessheƙar da komai. Shalan ta gani a talabijin ɗin maƙwabta, ta lura Tai na riga lokaci, tana jan iskar kafin wurin ya zo. Ta faɗa a bakin famfo cewa ita ce ta rera waƙar, matan gidan suka kwashe da dariya. Wata ta ce in Shalan ce ta yi Kwale-kwale, to ita ce ta gina tashar jirgin ƙasa. Vithoba kaɗai ya tsaya mata, don shi ya raka ta sutudiyo ran nan. Masaƙa ta rufe, ciwon ƙirji ya yi ajalinsa. Masta ma ya bi. Na'urori suka zo, aikin riƙon ƙwarya ya ja baya, Shalan ta koma jera furanni inda uwarta ta bari.

Duniya ta ƙi yarda, wannan ta saba. Abin da ke cin ranta shi ne Sindhu. Yarinyar ta girma tana shan tsokana a makaranta, ana ce mata 'yar Yamini ta bogi, har ta tsani waƙar. Ta zama malamar asibiti, mai hankali, mai kula da uwarta, amma da an tayar da zancen sai ta kira ta Aai, wato Inna, ta ce, "Na roƙe ki, ki bar mu mu zauna lafiya a gidan nan." Shalan ta rage burinta har ya koma abu ɗaya: Sindhu ta ji daga bakin Tai. Ba jarida, ba talabijin, 'yarta kawai.

Tai ta tsufa ta daina fita. Wata shekara, ranar girmama malamai, ta aika a tara mata tsofaffin 'yan amshinta. Shalan ta jera furanni da hannunta, ta matsa wa Sindhu har ta raka ta. Suka sami Tai a keken guragu cikin farin sari, bayanta taga mai kallon teku. Ta gane Shalan nan take.

"'Yar furanni, ashe kina nan? Zo kusa."

Wani ya kunna Kwale-kwale. Da aka zo wurin, Tai ta ɗaga yatsa, hawaye na bin kuncinta. Ta shiga ba su labarin ranar da ta ɗauki waƙar: zazzaɓi take yi, koren sari ta sa, tunanin mahaifiyarta ne ya shaƙe ta a tsakiyar baitin. Shalan ta kafe ta da ido tana neman alamar kunya, ba ta samu ba. Matar ba ƙarya take yi ba. Ta faɗi labarin sau da yawa har ya zauna mata, yanzu tuna shi take yi.

"Tai," in ji Shalan, "ran nan kina Landan. Ni ce a gaban makirufo. Wannan yarinyar tana cikina, ita ta harbe ni."

Sindhu ta sunkuyar da kai. Tai ba ta yi fushi ba, murmushi ta yi, ta ce to ta rera su ji.

Shalan ta miƙe ta fara. Muryar ta tsufa amma tana nan, har wasu suka kalli juna. Ta shiga dogon baitin tana jiran wurin, sai ta ja iskar. Ita kanta ta ji ta riga lokaci. Ran nan ba ita ta yi shi ba, yi mata aka yi, yau kuwa babu mai harbinta.

"Kin gani?" Tai ta ce a hankali. "Kin yi gaggawa. Kowa haka yake yi. Wannan ba a koyonsa, 'yata." Ta juya ga Sindhu ta ce ta kula da mahaifiyarta, tsufa ne, kuma ta yi musu hidima sosai a zamaninta.

Sindhu ta haɗa hannuwa ta ba da haƙuri. Aka fara layin sallama. Shalan ta ƙudura a ranta ba za ta sunkuya ba, amma da layi ya zo kanta bayanta ya riga ta. Ta taɓa ƙafar, Tai ta dafa kanta idonta na wani wuri.

A jirgin komawa Sindhu ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi ya fi sauƙi. Ta samar wa uwarta wurin zama, ta gyara mata gefen sari, ta riƙe hannunta yadda take riƙe na marasa lafiya. Ta ce akwai wani likita a asibitinsu mai duba masu mantuwa, mutumin kirki ne, gobe za su je.