Kawu Bashir da Farantan Sola

Kun san Kawu Bashir ba ya gaisawa da mutum sai ya duba inda inuwar mutumin ta faɗa. In ta taɓa motarsa, to, matsa tukuna, sannan a yi sallama.

Motar dai tsohuwar bas ce da ya mayar gida: gado, murhu, da ɗan firji. Maƙeri ne a Kasuwar Umdurman, don haka da kansa ya ɗora farantan sola biyu a rufin, ya yi musu mariƙi yana karkatar da su duk inda rana ta nufa. Dalilin duk wannan hidima, allurar ciwon sugar matarsa ce, Inna Amina, da ake ajiyewa a firjin. In ta yi zafi ta lalace, wutar unguwarsu Alsawra kuwa ba ta da alkawari.

Ranar ɗaurin aurena kowa na rububin gindin darbejiya, shi ya kafe motarsa tsakiyar fili cikin rana tsaka, ya tare wa motar ango hanya. Aka roƙe shi ya gusa, ya ce ango ya zagaya, ai saurayi ne. Haka mijina ya shigo ta bayan tukwane, har yau yana mita.

Ɗan maƙwabcinsa da ya karanta injiniya ya taɓa ce masa farantan kudu kawai ake fuskantar da su. Kawu bai yi musu ba. Sai da bazara ta yi, ya je har gida ya jawo shi da azahar, ya tsayar da shi a rana ya nuna masa inuwarsa ta koma kudu.

"Ya zol, kai malam, a littafinku rana ba ta ƙaura ne?"

Da muka je ziyara unguwar Aljirif a motar kuwa, hayaƙin masu gasa bulo ya rufe farantan. Ya kwance sabon rawaninsa ya goge su tas, ya mayar da shi kansa. Inna Amina ta ce wallahi ba za ta jera da buhun gawayi ba. Ya ce rawani ana wankewa, ita kuma ba ta da madadi.

Ranar da ciwon ƙirji ya kama shi, wutar unguwa kwananta biyu a ɗauke. Muka ce a sa shi a motar a yi asibiti, ya ƙi ƙememe: a can ƙarƙashin rumfa ake ajiye mota. Na yi faɗa har da kuka, ya ce a tsayar masa da rakasha, keken haya mai ƙafa uku. Muna ɗora shi ya riƙe hannuna.

"Zainab, in an yi la'asar ki juya farantan yamma. Kada ki bari maganinta ya ɗumama."

Na juya su. Kafin magariba aka aiko ya cika.

Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba Inna Amina haƙuri da lafiya.