Igiyar Malama Huebner

Kullum kafin motar makaranta ta iso, Malama Lorraine Huebner ta riga ta kankare ƙanƙarar gilashin tsohuwar motarta, ta shiga aji, ta kunna fitila. A bana za ta ajiye koyar da tarihi a sakandaren garinmu, nan jihar Wisconsin ta Amurka, inda shanu suka ninka masu karanta littafi. Za a ba ta agogon bango da kek. Abin da muke ba kowa ke nan, har wanda bai tsinana komai ba.

Duk wanda ya zauna a ajinta ya san igiyar. In an zo kan Yaƙin Duniya na Farko, sai ta kwashi ɗalibai zuwa ɗakin wasanni da igiyar shanya. Kowane ɗalibi ƙasa ne. Ta ɗaure Jamus da Ostiriya, Rasha da Sabiya, Faransa da Rasha, Birtaniya da Beljiyam. Sai ta ce an harbe yariman Ostiriya, ta ingiza mutum ɗaya, aji ya zube gaba ɗaya. Amurka kuwa tana bakin ƙofa, tana sayar da kaya tana cewa ba ruwanta.

Wata shekara Delbert Kowalke, shugaban tsoffin sojoji, ya kai ƙararta hukumar makaranta, yana neman a sallame ta. Ina wurin, don tun rasuwar matata Arlene ba na ƙin taron da ke da ɗumi da kofi.

"Kakana ya mutu a Faransa domin 'yanci," in ji Delbert. "Ke kuma kina gaya wa yara domin alkama ya mutu!"

"Ban faɗa ba, Delbert. Tashi. Kai ne Amurka, tsaya bakin ƙofa."

"Ni, da wannan gwiwar?"

"Ka dace. Ita ma ta daɗe tana cewa ba za ta motsa ba."

Ta fito da igiya daga jaka, ta ɗaure 'yan hukumar. Shugabansu, likitan haƙori Vernon Zastrow, ya ce don me shi za a ba Jamus. Ta ce, "Je ka tambayi kakarka da wane yare take zaginka." Aka tuntsire da dariya, don rabin ɗakin kakanninsu daga Jamus suka zo.

Ta danƙa wa Delbert bakin igiya uku. Ta ce ta farko jiragen alkama ce da makamai masu zuwa Birtaniya. Ta biyu Amurkawan da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka nutsar. Ta uku saƙon da Jamus ta aika wa Meziko na su haɗa kai su yaƙi Amurka.

"Ku ja," in ji ta. "Delbert, saki wadda ka ga dama."

Bai saki ko ɗaya ba. Suka jawo shi har tsakiyar ɗaki yana ɗingishi.

"To wacce ce ta ja kakana?"

"Duka. Kuma bai ɗaura ko ɗaya ba. Miƙa masa aka yi, ya riƙe da gaskiya."

Delbert ya jima yana duban tafin hannunsa. Can ya ce, "Haka aka miƙa mini tawa, zuwa yaƙin Vietnam." Ya ɗaga kai. "Na janye ƙarar. Amma Lorraine, ki sayi sabuwar igiya, wannan warin kare take."

Na karanta manyan littattafai kan wannan yaƙi, masu su sun ci lambobin yabo. Amma ke ce, Malama, kika bayyana shi ba tare da kin wanke masu mulki ba, ba kuma kin zubar da mutuncin matattu ba. Ke ce kika gwammace a kore ki da ki rage gaskiya don ta yi daɗin haɗiya.

Mun gode, Malama. Ban saba faɗar haka ba, kuma ba zan maimaita ba. Ku malamai masu tasowa, ku karɓi aikinta. Wata rana za a sake miƙa wa yaran garin nan igiya, da ganguna da tuta. Ku koya musu su tambayi wanda ya ɗaura kafin su riƙe.