Abin da Anicet Ya Zaɓa wa Akpédjé

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na san Anicet Dossa, kuma tara daga ciki na yi su ina ganin girmansa. Shagonsa na gyaran waya yana unguwar Akpakpa a Kwatano, ƙofa huɗu tsakaninsa da shagona na ɗinki, a layin da 'yan zemijan, wato 'yan acaba, suke jingine baburansu su ci atasi, shinkafa da wake, da rana. Sunana Houéfa, na girme shi da shekara biyu, shi ya sa yake ce mini Dada, wato babbar yaya, ni kuma don mutuntawa nake ce masa Fofo, wato babban wa, kamar yadda kowa yake kiransa.

Ɗan masunci ne daga Sô-Ava. Yana da shekara goma sha uku aka kawo shi Kwatano wajen kawunsa ya koyi gyaran rediyo. A gidan kawun babu talbijin, sai a gidan maƙwabta, kuma duk ranar Laraba da yamma ana saka katun ɗin Japan. Yakan tsaya a bakin tagarsu ya ɗaga dunduniya yana leƙe. Ya sha ba mu labarin yadda matar gidan ta taɓa watso masa ruwan wanke kifi, bai motsa ba sai da kashin ranar ya ƙare. Daga rediyo ya koma waya, ya buɗe shagon kansa, abin da ya fara saye bayan kayan aiki kuwa shi ne ƙatuwar talbijin da ta fi ƙarfin bangon shagon.

Duk Lahadi bayan an taso daga coci, sai ya ja ƙofar shagon rabi, ya jera bencina a gaban talbijin. Mukan kai mutum ashirin: 'yan jami'a, malamin firamare ɗaya, 'yan zemijan uku, da ni da nake ɗinka musu kayan jarumansu idan bikin masoya finafinan Japan ya zo. Doka ɗaya ce a wurin. Duk wanda ya ce "katun" zai sayo wa kowa soyayyar ayaba.

"Anime ake cewa," in ji shi. "Katun na 'yan yaye ne."

Ana gardama kamar za a doku. Masu cewa sai an ji muryar Japanawa ana karanta fassara a ƙasa, da masu cewa su dai a ba su wanda aka juya zuwa Faransanci su huta. Akwai wani Rodrigue da ya daɗe a jami'a, wata rana ya ce, "Fofo, ni fa na gaji da masu ihun nan. Mutum ya yi kashi uku yana tara ƙarfi kafin ya kai naushi ɗaya."

Anicet bai ko ɗago daga wayar da yake kwancewa ba ya ce, "Kai da ka shekara bakwai a jami'a kana tara ƙarfi, wa ka nausa?"

Sai da Rodrigue ya fita waje saboda dariyar da aka yi masa.

Dole in faɗi gaskiya a kansa: yana da baiwa. Zai dubi mutum, ya yi masa tambaya biyu ko uku, ya ce, "Na san naka." Kuma da wuya ya kuskure. Lokacin da mijina ya tafi Gabon ya daina kira, ban gaya wa kowa ba, amma Anicet ya tura mini labarin wata tsohuwa mai saƙa a ƙauyen kan dutse, wadda ba ta jiran kowa. Na kalle shi sau uku. Malamin firamaren nan da ya ƙi jinin faɗa, ya ba shi na wani mai dafa abinci a jirgin ruwa, har yau mutumin yana yi masa godiya. Ya san zuciyar mutane, ya san inda take ciwo. Wannan ne ya sa abin da ya yi daga baya ba ya wankuwa a wurina.

Shekara biyu da suka wuce ya fara ɗaukar bidiyo. Dabarar ita ce, idan baƙo ya zo, sai ya zaɓa masa wani shiri ya rantse na ban dariya ne, alhali a tsakiya akwai mutuwa mai karya zuciya. Ya kafa waya a ɓoye, ya ɗauki fuskar mutum. Wanda aka fara da shi Wenceslas ne, wani ƙaton ɗan zemijan da ko 'yan sanda ba sa son tare shi. Tsohon dokin da ke cikin shirin ya mutu, Wenceslas ya cire rigarsa ruwan ɗorawa yana share hawaye da majina. Muka yi ta dariya, har da ni, har na riƙe ciki. Shi ma daga baya ya yi dariyar. Anicet ya sa a shafinsa, mabiya suka fara taruwa. Daga nan ya zama kusan kowace Lahadi sai an samo wanda za a sa kuka.

Akpédjé ƙawata ce tun muna koyon sana'a. Kitso take yi a Sodjatinmè, mijinta Romuald direban motar kaya ne. Ɗansu ɗaya, Sèdjro, shekararsa biyar. Zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, ranar Juma'a aka binne shi. Anicet ya je ta'aziyya. Da idona na gan shi a ƙarƙashin rumfa yana cin amiwo, jan tuwon masara, ya taya ɗaukar kujeru, ya riƙe hannun Romuald ya daɗe.

Wata huɗu Akpédjé ba ta buɗe shago ba. Ni ce na matsa mata ta fito, ni ce na ce ta biyo ni wurin Anicet ta ga mutane, ta ji hayaniya. Kafin mu shiga na ja shi gefe.

"Fofo, ka san halin da take ciki. Ban da wasan nan naka."

Ya dafa ƙirji. "Haba Dada. Ni ma fa mutum ne."

Ya ba ta kujerarsa ta roba, ya sa aka kawo mata bisap, wato zoɓo, mai sanyi. Ya tambaye ta me take so.

"Ni ban san komai a kai ba," in ji ta. "Abin dariya dai. Na manta yadda ake yi."

"Na san naki," ya ce.

Sabon shiri ne, ban taɓa ganinsa ba. Wata mata ce mai sayar da wainar shinkafa a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa kusa da teku, da ɗanta mai ƙiriniya, da wani bunsuru da yake cinye tikitin fasinjoji. Na duba ko'ina ban ga wayar da aka kafa ba, ashe tana kan kanta a cikin wayoyin gyara, ta saje da su. A kashi na biyu Akpédjé ta yi murmushi. A na uku, da bunsurun ya bi shugaban tasha da gudu, ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. Na ji daɗi, har na dubi Anicet na gyaɗa masa kai. Na lura Rodrigue da wasu biyu suna satar kallon juna suna danne baki, na ɗauka bunsurun ne.

A kashi na biyar yaron ya tashi da zazzaɓi. Uwar ta jiƙa tsumma tana ɗora masa a goshi. Na ce, "Fofo, kashe." Ya yi kamar bai ji ba. Na miƙe ina neman rimot, yana cikin aljihunsa. Kafin in kai ga soket, an nuno uwar tana girgiza yaron, hannunsa ya saki.

Akpédjé ba ta yi irin kukan da suke jira ba. Zamewa ta yi daga kujera ta durƙusa, ta amayar da bisap ɗin a kan siminti, sannan ta fara kiran Sèdjro a hankali, kamar yana bayan benci ya ɓuya. Wenceslas ne ya ɗauke ta ya fitar, ya kai mu gida a kan babur ɗinsa, ina riƙe da ita ta baya.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, kuma ko haka ya tsaya ya isa. Ranar Litinin da hantsi wata mai kawo mini ɗinki ta miƙo mini waya tana cewa, "Tanti, wannan ba ƙawarki ba ce?" Ya sa bidiyon. Ya yanka shi da kyau, ya fara da dariyarta, ya ƙare da aman, ya ɗora kiɗa mai taushi, ya rubuta a sama: wannan shirin ba ya barin kowa. Bai ambaci cewa ta rasa ɗa ba. A ƙasa mutane suna ta rubutu, wasu na cewa matar nan ta cika son a sani, wasu na tambayar sunan shirin.

Na bar keken ɗinki a buɗe na tafi shagonsa. Yana cin gyaɗa.

"Cire shi."

"Dada, zauna mana. Kin ga yawan waɗanda suka kalla kuwa? Har daga Abijan ake rubuto mini."

"Ka ci abincin makokin yaron nan, Anicet."

"To ai shi ya sa na san zai taɓa ta. Kuka magani ne, kowa ya sani. Taimakonta na yi. Kuma fuskarta ba ta fito sosai ba."

Ta fito sosai. Na tsaya ina kallon ɓawon gyaɗar da ya maƙale masa a leɓe. Sannan na juya na fita.

Romuald ya dawo daga Parakou ranar Laraba. Mutane sun taru suna jiran a yi dambe, har masu atasi sun bar tukwanensu. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a ƙofar shagon ya ce, "Ka riƙe hannuna a gidana." Ya maimaita sau biyu. Anicet ya goge bidiyon a gabansa, yana ta cewa rashin fahimta ne. Amma a lokacin wasu shafuka sun riga sun kwafa. Bayan sati biyu, ranar farko da Akpédjé ta shiga kasuwar Dantokpa sayen gashin kitso, wata yarinya ta nuna ta tana cewa, "Ga matar da ta yi amai!" Ba ta ƙara wata guda a Kwatano ba, ta koma Porto-Novo wajen mahaifiyarta.

Na zaci Lahadin da ta biyo baya shagonsa zai zama kango. Mu biyar ne kawai muka daina zuwa: ni, da Wenceslas, da malamin firamare, da wasu 'yan mata biyu. Muka koma haɗuwa a shagona muna kallo a ƙaramar kwamfuta. Sauran duk suka zauna, har aka ƙaro benci saboda sababbin zuwa. Na tare Rodrigue a hanya na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin kashi na biyar tun kafin a kunna.

Ya sosa ƙeya. "Dada, mun sani. Amma ai ba a gaya wa mutum ƙarshen labari. Doka ce."

A bikin masoya anime na bara, Anicet aka ɗora a kujerar alƙalan gasar kaya. Ya buɗe shago na biyu a Calavi. Yanzu yana sa tabarau ko a cikin inuwa.

Wajen shekara guda bayan komawarta Porto-Novo, Akpédjé ta kira ni. Mun yi hirar kitso da tsadar masara, sai can ta ce, "Houéfa, matar nan mai waina. Me ta yi bayan nan?" Na ce ban sani ba. Ta ce in duba mata, ita ba za ta iya ba.

Na nemo sauran kashi bakwai ɗin na kalla ni kaɗai. Duk a kan uwar ne. Yadda ta rufe rumfarta, yadda ta tsani ƙarar jirgi, yadda shugaban tasha yake ajiye mata shinkafa a ƙofa ba ya cewa komai, har ranar da ta sake hura wuta. Babu ƙarya a ciki ko kaɗan. Wanda ya rubuta shi ya san abin. Na ba Akpédjé labarin a waya kashi bayan kashi, tana saurare, wani lokaci ta ce in tsaya, wani lokaci ta ce in maimaita. Da a ce an gaya mata gaskiyar abin da ke ciki, an bar ta ta kalla a ɗakinta ranar da ta shirya, wataƙila da ya yi mata amfani.

Watan jiya Anicet ya shigo shagona da yadi mai sheƙi a leda, wai in ɗinka masa alkyabbar da zai sa a bikin bana, kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Na ce hannuna a cike yake. Sannan na gaya masa abin da na gani a sauran shirin, na ce abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya san yana da kyau haka, ya mayar da shi tarko.

Ya cire tabarau ya dube ni da mamaki na gaske.

"Au, haka ya ƙare? Ni fa ban wuce na biyar ba. Yanzu ina nake da lokaci, Dada? Inda za a yi kuka kawai nake nema in sa alama."

Ya ɗauki ledarsa ya tsallaka titi wajen wani telan. Na ɗebo ruwa a bokiti na wanke inda ya tsaya.