Amshin Waƙar Ladi

A gidanmu na Kurfi, da an ci tuwon dare sai mu kewaye murhun Kaka tun garwashi bai mutu ba. Ta tsufa sosai a lokacin, muryarta ta fara shaƙewa, amma in ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" ko tari ba ka ƙara yi.

Wadda muka fi so ita ce tatsuniyar Ladi, yarinyar da ta je roron wake ta ɓace cikin dawa. Duk inda ta juya kara ne ya fi ta tsawo. Sai ta rera, "Ina hanyar gida?" 'yan'uwanta su amsa daga bakin gona, "Biyo murya, Ladi." Mu ne 'yan'uwan. Kaka ta rera, mu amsa, har Ladi ta iso gida.

Akwai Malam Bitrus, malamin firamare da ke zaune a shagon ƙofar gidanmu, shi ke koyar da waƙa a cocinsu. Ya ji Kaka ta ce duk cikin 'ya'yanta ba wanda ya riƙe karin waƙar daidai, in ta mutu shi ke nan. Abin ya dame shi. Ya zo da rikodarsa, ya ce zai ɗauka a kaset, sannan ya rubuta karin da ɗigo-ɗigo a kan layuka biyar, yadda ko baƙo zai iya rerawa. Amma fa sai mun yi shiru, don ya ji muryarta tsaf.

Muka kame baki. Kaka ta rera, "Ina hanyar gida?" Ta tsaya. Ta sake, ta kuma tsayawa.

"Ci gaba, Mama," in ji Malam.

"In ci gaba zuwa ina, Malam? Ɗiyar mutane tana cikin dawa, kun hana a amsa mata. Mi za ta biyo?"

Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mu amsa, shi ma ya sa baki da muryarsa mai kauri. Daren nan Ladi ta zo gida da rakiyar malamin coci.

Takardar da ya rubuta ta ɓace, kaset ɗin ne ya rage a hannuna. Kwanaki ɗana ya sa shi a kwamfuta a nan Dutsin-Ma, wai akwai manhajar da ke sauraron waƙa ta rubuta karinta da kanta. Ta kuwa rubuta, har na ji daɗi. Da aka zo inda Kaka ta tsaya tana jiranmu, sai ta sa wata 'yar alama. Ɗana ya ce ma'anarta a yi shiru.

Na ce ya maido kaset ɗin baya. Kaka ta sake tambayar hanyar gida, ni kuma da furfurata na amsa mata.